Farin da Ke Idon Dunƙule

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya. Yaya gwiwar? Kunnen kam ba sai na tambaya ba. Ranar Asabar na kira ka sau huɗu, kana ta "Wa ke magana?" ni kuma ina ta ɗaga murya, har maƙwabciyata ta leƙo ta taga ta ga ko faɗa nake yi da wani. Na haƙura da waya. Na koma takarda kamar yadda ka ce, direban motar Alhamis zai riƙa ajiye maka a shago.

Mu nan lafiya lau. Ɗinki yana tafiya, sai dai keken ya fara cin zare. Jikarka Dunƙule ta cika wata goma sha huɗu, haƙoranta shida, kuma ta fara tafiya. Ba ta da aiki sai kwashe mini maɓallai tana zubawa a takalmin babanta.

Ga hotunanta guda biyar na wanko maka. Da ƙaramar kyamarar nan da ka ba ni ranar da zan bar gida na ɗauka. A kanta ma muke rigima da Baban Dunƙule. Ka san shi, tun da ya fara aiki a shagon sayar da wayoyi da kyamarori ba a zaune lafiya. Wai kyamarata akwatin ashana ce. Wai ta shagonsu tana da ɗigo miliyan kaza a cikin hoto ɗaya, tawa ko kwatansu ba ta kai ba. Na ce masa ni hancin 'yata nake gani, ba ɗigo ba. Ya ce ai shi ya sa ni tela ce.

To Kawu, shekara talatin da biyar kana ɗaukar hoto, kai za ka raba mu. Da gaske bambancin kyamara da kyamara yana da wani amfani ga irinmu, ko dai bakin 'yan kasuwa ne? Ka rubuto amsar da manyan baƙi yadda zan manna ta a ƙofar ɗaki.

Ka riƙa shan maganin gwiwar, kada ka ce ka manta.

'Yarka,
Aku


Zuwa ga Aku,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, kuma ko a rubuce surutunki bai ragu ba, ban yi kuskuren sunan da na sa miki ba. Ina lafiya. Gwiwa tana nan, muna zaman haƙuri da juna. Ina gaida maigidanki, ina gaida amaryata Dunƙule. Ki gaya mata na ga kumatun, na yarda da sunan.

Ga hukuncin shari'arku. Bambanci akwai shi, kada mu zalunci surukina. In ɗaki ba haske, ko za a buga hoto ya kai girman ƙofa, babbar kyamara ta fi. Amma hoton da bai wuce tafin hannu ba, wanda za a sa a jaka a nuna wa dangi, in na jera miki guda biyu ba za ki ce ga na mai tsada ba. Shi ma ba zai iya ba, sai in ya leƙa bayan takardar. Na taɓa ganin ango da aka ɗauka da kyamarar da ta fi shagona kuɗi, ya fito kamar an kama shi da kayan sata. Mai riƙe da kyamarar shi ne rabin hoton. Kin ci rabi, ya ci rabi, sai ku manna.

Yanzu wata magana. Hoto na uku, wanda take tsaye ta dafa kujera. Na daɗe ina kallonsa, har na ɗauko gilashin ƙara girma. Idonta na dama ya fito ja, wannan ba komai ba ne, haka filashi yake yi wa ido. Amma na hagu ya fito fari a tsakiya, kamar na kyanwa in an haska ta. Ban so wannan ba.

Ba na son in tayar miki da hankali a kan abin da ban tabbatar ba. Mai yiwuwa yadda hasken ya faɗa ne. Mai yiwuwa kyamarar ce, ta tsufa kamar wanda ya ba ki ita. Duk da haka ki kai ta a duba ta, wurin wanda ya san aikin sosai. Kada ki bari a kai wata. In an duba ki rubuto mini abin da aka ce.

Kawunki


Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ka yafe mini shirun mako shida. An ba ni ɗinkin kayan makaranta guda tamanin, ban ɗago kai ba sai shekaranjiya. Ina fatan kana lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Mu ma lafiya, sai ɗan mura da ya zagaye gidan ya wuce.

Na manna hukuncinka a ƙofa. Baban Dunƙule ya karanta ya ce alƙalin dangin mai ƙara ne.

Na kai ta an duba kamar yadda ka ce. Akwai wani mai gyara a bayan tashar mota, kowa yana yabonsa. Ya buɗe ta, ya hura, ya goge gilashin, ya ce ba abin da ya same ta sai tsufa. Na nuna masa hoton mai farin idon, ya ce irin waɗannan ƙananan haka suke yi wani lokaci. Ka ga ashe Baban Dunƙule yana da gaskiyarsa.

Shi kuwa da ya ji haka, washegari sai ga shi da sabuwa daga shago. Kawu, ka ga abu! A cikin ɗaki ma ba ta neman filashi. In kuma ta kunna shi, ita da kanta take gyara jan idon, ya fito baƙi ƙirin. Ga guda takwas na sako maka. Dubi gashin girarta, ana iya ƙirga shi. Babu fari, babu ja, idanu tas. Tsohuwar na ba wa maƙwabciyata, kada ka ji haushi, ta daɗe tana sha'awarta.

Dunƙule ta koyi wani sabon salo da yake ba mu dariya. In ka kira ta ta gefen hagu, sai ta juyo da kanta gaba ɗaya kamar tsohuwa mai ciwon wuya. Kuma ƙofar kicin ta zama abokiyar gabarta, sau uku tana buga kafaɗa a gefenta a mako ɗaya. Babanta ya ce gaggawa ce irin tawa.

A gaida mutanen layin shago.

'Yarka,
Aku


Aku,

Ina lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma ki karanta har ƙarshe.

Ba kyamarar nake nufi ba. Dunƙule nake nufi. Yarinyar za ki kai a duba, wurin likitan ido. Na sake karanta abin da na rubuta a kwafin da na ajiye, na ga yadda kika fahimce shi, kuma laifina ne. Tsoro ya sa na yi ta kewaye-kewaye. Da direba ya miƙo mini takardarki na karanta, sai na rufe shago da rana tsaka.

Ki saurara. Hasken filashi yana shiga cikin ido ya dawo. In ido lafiya yake, ja yake dawowa. In ya dawo fari, wani abu ne ya tare shi a ciki. Sabuwar kyamararku ba ta warkar da komai ba. Ko dai ba ta haska idon ba sam, ko ta haska ta shafe abin da ta gani don hoto ya yi kyau. An yi ta ne don ta faranta wa mai ita rai. Tsohuwar ba ta da wannan wayon, abin da ta gani shi ta fitar.

Ni ba likita ba ne. Yana iya zama yanar ido, wadda ake cirewa yaro ya warke. Yana iya zama ba komai. Amma bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce wani makanike ya kawo 'yarsa shagona, ba ta fi shekara biyu ba. Da na wanke hoton sai na ga ido ɗaya fari. Na ɗauka aibin aikina ne. Na ɗauko siririn buroshi da baƙin tawada na cike wurin, har ina jin daɗin yadda hannuna ya iya. Ya karɓa ya yi godiya. Bayan shekara ɗaya da rabi ya dawo da hoton nan, ya ce in ƙara masa girmansa zai rataye, yarinyar ta rasu. Ciwon daji ne ya fara daga cikin idon. Ya ce likitoci sun yi ta tambayarsa ko bai taɓa ganin wani fari a idonta ba, ya ce musu bai taɓa ba. Yana faɗa mini haka yana riƙe da hoton da na shafe. Ban ce masa komai ba. Na ƙara masa girman, na ƙi karɓar ko kwabo, ya tafi yana sa mini albarka.

Juyo da kai da kika ce tana yi, da buga ƙofa ta gefen hagu, ba salo ba ne. Ina jin tsoron ba ta gani da idon nan.

Gobe da safe ki ajiye ɗinki. Ki ɗauki hoto na uku, na mayar miki da shi a cikin ambulan ɗin nan. Ki je asibitin da yake da likitan ido, ba kantin magani ba, ba mai sayar da tabarau ba. In an ce ki dawo wani wata, ki ƙi tashi daga kan bencin. Ki nuna musu hoton.

Na kuma tura miki saƙo a waya, yaron maƙwabcina da ke rubuta mini ba ya nan, da kaina na danna, ki yi haƙuri da kurakuran.

Kawunki


Aku,

Ina gaisuwa. Yau kwana goma sha ɗaya da na aiko miki takarda. Direba ya rantse mini a hannunki ya ba ki takardar. Na tura saƙon waya sau biyar, wayar tana nuna an buɗe, ba amsa. Na kira, na ji kamar an ɗauka, amma kin san ba na jin komai sai gunji.

Ban san me shirun nan yake nufi ba. Ko kin yi fushi da ni. Ko surukina ya ce tsoho ya fara ruɗewa. Ko kuma kun je an faɗa muku abin da kika kasa rubutawa. Kowanne ne, ki rubuto kalma ɗaya.

Ba na iya cin abinci. Jiya wata mata ta kawo jaririnta hoton katin asibiti, na tsaya ina leƙen idonsa har ta tsorata ta ɗauke abinta ta fita.

In motar Alhamis ta zo babu takardarki, zan shigo ta. Kwana biyu a zaune, gwiwa ta yi abin da za ta yi.

Kawunki


Kawu,

Assalamu alaikum. Kada ka shigo mota, don Allah. Muna nan da rai. Ka yafe mini. Duk saƙonninka na gani. Na kasa amsawa ne, gani nake in na amsa abin ya tabbata.

A tsaye na karanta takardarka, a gaban keke, ban zauna ba. Da na kai kan labarin makaniken nan sai na zauna a ƙasa. Dunƙule tana ƙasa tana wasa da ƙyalle, ta ɗago tana mini dariya, idanunta biyu baƙaƙe, kyawawa, ba abin da za ka gani.

Da babanta ya dawo na ba shi. Ya karanta, ya ce, "Kawu yana jin haushin an ajiye kyamararsa ne." Ya duba a wayarsa ya nuna mini inda aka ce wani lokaci kusurwar haske ce kawai take sa haka. Na riƙe maganar nan tasa kamar igiya, Kawu. Kwana huɗu ina riƙe da ita. Ina ɗinki, ina satar kallon yarinyar, ina cewa kusurwa ce.

Rana ta biyar bayan ya fita na je na karɓo tsohuwar kyamarar wurin maƙwabciyata. Na saki labule, na tsayar da Dunƙule a lungun da ke tsakanin ɗaki da kicin, na ɗauke ta sau goma, daga gaba, daga gefe, daga sama. Bakwai sun fito da farin. Kullum idon hagu.

Sai na yi wani abu da ba wanda ya koya mini. Na ba ta cokali tana wasa, na rufe idonta na hagu da tafin hannuna. Ko kula ni ba ta yi ba. Na sauya na rufe na dama. Kawu, ihun da ta yi ban taɓa jin irinsa ba. Ta saki cokalin, tana lalube a iska, tana neman fuskata, ni kuwa ina gabanta.

Ko mayafi ban daidaita ba na goya ta na fita. A asibiti mai ba da kati ta ce layin ido ya cika sai mako uku. Na yi yadda ka ce. Na zauna a bencin na ƙi tashi, na ajiye hoton a kan tebur ɗinta. Wata ma'aikaciyar jinya da ke wucewa ta ɗauka ta duba, ta shiga ciki da shi. Ba a yi minti goma ba aka kira mu.

Likitar ta ɗiga mata magani, muka jira, ta kashe fitila ta haska idon. Tana ta yi wa Dunƙule wasa da farko. Sai wasan ya tsaya. Ta fita ta dawo da wani likita babba, shi ma ya duba, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sannan ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, gwiwarta tana taɓa tawa. Tun daga nan na sani.

Ta ce akwai ƙari a cikin idon. Ta ce ba za su san girmansa da inda ya kai ba sai an sa ta barci an duba da na'ura a babban asibiti, ranar Talata. Ta tambaye ni, "Tun yaushe kuka fara ganin farin?" Na ce wata biyu. Ta rubuta. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

Mako shida ina ɗinka wa 'ya'yan mutane riguna, Kawu. Na ɗauki kyamara na kai wa mai gyara, na biya shi, na dawo ina murna.

Baban Dunƙule ya same mu a asibitin. Tun da likita ta yi masa bayani bai ƙara magana mai tsawo ba. Yana zama ya zuba wa wayarsa ido, in na matso sai ya kife ta. Ban san me ke cikin ransa ba, kuma ba ni da ƙarfin tambaya.

Ka yi mana addu'a. Ina jin tsoron Talata, ina kuma jin tsoron kada ta yi nisa.

'Yarka


Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa, ina fatan jiki da sauƙi. Ni ne surukinku. Ban taɓa rubuto muku takarda ba, ku yi haƙuri da rubutun. Maman Dunƙule ba ta san na rubuto ba.

An yi binciken ranar Talata. Ƙarin ya cika fiye da rabin idon hagu. Sun ce ba za a iya ceton idon ba, za a cire shi nan da kwana goma don a ceci ranta. Na dama sun ce ba su ga komai ba a yanzu. Abin da ba su sani ba shi ne ko ciwon ya bi jijiya ya wuce bayan idon. Sai an cire an auna.

Baba, na ce kuna jin haushin kyamara ne. Ku yafe mini. Amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba.

Na riga kowa ganin farin nan. Tana da wata tara na ɗauke ta da wayata a ɗaki, filashi ya kunna kansa. Na ga idon fari. Na ji haushi don hoton ya yi kyau ban da wurin. Na buɗe abin gyaran hoto na sa yatsa na baƙanta shi, na tura wa abokan aikina suna ta yabo. Bayan wata ɗaya ya sake fitowa, na sake shafewa. Har na ce a raina wayar nan filashinta ba shi da kyau, ba zan ƙara tallata ta ga masu saye ba.

Wata bakwai ke nan. Na ga wata biyu likita ta rubuta a takarda, ban gyara mata ba.

Na asalin yana nan a wayar, da kwanan wata a jikinsa. Kullum sai na buɗe shi. Sau biyu na kai yatsa zan goge, na fasa. Da na karanta labarin makaniken da kuka rubuta, na ga kaina a cikinsa.

In na faɗa mata, ban san ko za ta ƙara kallona ba. In wani abu ya sami yarinyar nan, ban san yadda zan zauna a gida ɗaya da uwarta ina sane ba. Ba ni da wanda zan tambaya sai ku. Me zan yi?

Surukinku


Ɗana,

Wa alaikumus salam. Na karɓi takardarka, kuma na riƙe direba a ƙofar shago har na gama wannan, don ta koma da motar yau. Ina lafiya. Babu abin yafewa tsakanina da kai.

Kada ka goge hoton. Ranar da takardar nan ta same ka, ka je wurin likitar ka nuna mata shi da kwanan watansa. Ba don a hukunta ka ba. Wata biyu da wata bakwai ba ɗaya ba ne a wurin mai magani, wataƙila ya canja abin da za su duba da abin da za su ba ta. Wannan hoton yanzu na Dunƙule ne, ba naka ba.

Daga nan ka gaya wa matarka, kafin ranar aikin. Za ta yi kuka, wataƙila ta faɗa maka maganar da za ta daɗe tana yi maka ciwo. Ka tsaya ka ji. Ni na raine ta, na san fushinta yana da zafi amma ba ya kwana da yawa. Abin da ba za ta yafe ba shi ne ta gano da kanta bayan shekaru.

Ni na yi shiru, kuma ka ga ban huta ba. Kai ba ka san me kake shafewa ba. Ni a karo na biyu na sani, amma na rubuta magana mai harshe biyu don ina tsoro, aka yi asarar mako shida. In ana rabon laifi, nawa ba ƙarami ba ne. Amma yanzu ba lokacin rabo ba ne. Yarinyar tana buƙatar mutum biyu a tsaye a bakin ƙofar ɗakin aikin nan.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciya.

Kawunku


Kawu,

Assalamu alaikum. Ina rubuto maka daga ɗakin yara na asibiti, a kan gwiwata, Dunƙule tana barcin rana. Ina fatan kana cin abinci yanzu. Direba ya ce ka rame.

An yi aikin ranar Litinin. Awa biyu da rabi. Ni da babanta muna zaune a benci ɗaya, da tazarar mutum guda a tsakaninmu. Ya gaya mini tun ranar Juma'a, bayan ya dawo daga wurin likita. Na faɗa masa maganganu, Kawu, ba zan rubuta su ba. Kwana biyu ban yi masa magana ba. Amma da aka tura gadonta aka rufe ƙofa, na duba na ga babban mutum yana rawar sanyi a cikin zafin nan, sai na matsa. Ban ce na yafe ba. Na matsa dai.

Jiya sakamakon awon ya fito. Likita ta ce ciwon ya kai bakin jijiyar amma ba su ga ya wuce inda suka yanke ba. Na sa ta maimaita sau uku. Ta ce saboda daɗewar da ya yi za su ba ta magani ta jijiya na wasu watanni don kada a bar komai, gashinta zai zube, za ta yi ta amai. Kuma kowane wata za a sa ta barci a duba idon dama, har ta yi wayo. Na tambaye ta ko zan iya daina jin tsoro yanzu. Ta ce, "Ki rage dai." Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba.

Ita kuwa mai abin, da ta farfaɗo ta yi kuka, ta ja bandejin, aka ɗaure mata hannu da safa. Washegari ta nemi kofinta. Ta miƙa hannu ta wuce shi, ta sake miƙawa ta kama, ta sha, ta kwaɗa wa babanta a goshi. Duk ɗakin aka yi dariya, shi kuma ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Sun ce in wurin ya warke za a sa mata na roba mai kalar ɗayan.

In an sallame mu ka zo, amma a hankali, ka yada zango a hanya saboda gwiwar. Ina son ka zo.

Saura abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba. Har yanzu ban ga abin da ke ƙarƙashin bandejin ba. Duk lokacin da za a canja shi sai in ce zan je ɗebo ruwa. Gobe da safe ma'aikaciyar jinya za ta koya mini wanke wurin, don a gida ni zan riƙa yi. Ta ja ni gefe ta ce, "Yarinya ba ta san an cire mata komai ba. A fuskarki za ta karanta. In kika firgita, ta firgita."

Tun ɗazu nake shiga banɗaki ina tsayawa gaban madubi, ina gwada yadda zan yi. In yi murmushi, in ce, "Ina 'yata kyakkyawa?" Sau uku na gwada, sau uku bakina yana karkacewa kafin in kai ƙarshe. Ido ɗaya ya rage mata, Kawu, kuma ni zai kalla.

Ƙarfe takwas za a buɗe. Takardar nan ba za ta iso ka ba sai an daɗe da gamawa, na sani. Duk da haka ka yi mini addu'a fuskata ta tsaya.

'Yarka,
Aku